Kwandala da alawa a ambulan ɗin makokin Sinawa: an ɗaure mini arziki ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na daɗe ina sarin yadi a hannun wani Basine mai masaƙa a Foshan. A tafiyata ta ƙarshe mahaifiyarsa ta rasu, na bi mutane zuwa wurin makoki a Guangzhou. Ina shiga aka miƙo mini ƙaramin farin ambulan, a ciki akwai kwandalar yuan 1 da alawa da tishu. Na jefa a jaka na manta, har na dawo da shi Kano. Tun daga nan kwantenata ta maƙale a Legas, shi kuma ya rage ɗaga waya, sai cewa yake a bari kwana 49 su wuce. Na kuma ga suna ƙona kuɗin takarda da gida da mota na kwali. Wani malami da aka kai ni wurinsa ya ce a kwandalar nan aka ɗaure arzikina, ya yanka mini kuɗin aiki masu yawa. Barci ya gagare ni. In biya ne, in kuma rabu da mutumin?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka biya ko sisi, kuma don Allah kada ka aika wa mutumin nan magana mai zafi a WeChat, manhajar saƙon Sinawa, ko da ka riga ka naɗi muryar ka ajiye.

Ambulan ɗin nan ba kai kaɗai aka ba ba. Duk wanda ya taka ƙofar wurin ranar ya karɓi irinsa, daga ƙanin mamaciyar har direban da ya kawo furanni. Al'ada ce ta mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou da Foshan suke ciki, da kuma Hong Kong, kuma sau da yawa ma'aikatan gidan jana'iza ne ke haɗa su da yawa kafin baƙi su iso. Tishun na share hawaye ne, alawar ta kawar da ɗacin ranar daga baki, kwandalar kuwa tukuicin iyalan ne ga wanda ya zo gaisuwa. Ƙa'idarsu ita ce ka sha alawar a wurin, ka kashe kwandalar a hanya, a kanti ko a bas, kafin ka isa masauki. A ganinsu mutuwa tana da wata inuwa da bai kamata ta bi baƙo gida ba. Ka ga ke nan manufar abin kare ka ce, a irin fahimtarsu. Da abokin kasuwancinka ya ga kana cusa ambulan ɗin a jaka, shi zai fara riƙe hannunka.

Har kuɗin gaisuwar da kai ma ya kamata ka bayar suna da alaƙa da kwandalar nan. Ana sa su a farin ambulan, ba ja ba, don ja na biki ne. Adadin kuma mara ne, kamar 301 ko 501 ko 1,001. Cika na abin farin ciki ne da ake so ya zo biyu-biyu, mutuwa kuwa ba mai son a maimaita. Ɗayan da ke kai kuma, idan aka cire kwandalar da suka mayar maka, lissafin zai tsaya a 500 maimakon 499, domin 9 a wurinsu alamar daɗewa ce, ba sa so baƙin ciki ya daɗe. Iyakar sirrin da ke cikin kwandalarka ke nan.

Yanzu ga malaminka, kuma ka yi haƙuri zan daɗe a nan, domin da wuya mako ya wuce ban ji irin wannan ba. Ka tambaye shi, ya taɓa ganin jana'izar Sinawa ko a hoto? Ya san bambancin malamin addinin Buddha da na Tao? Mutum ya ga tsabar kuɗi mai baƙon rubutu a farar takarda, ya lura kana cikin damuwa, sai ya karanta damuwarka ya sayar maka da ita. Da ka kai masa katin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Guangzhou, haka zai juya shi ya ce akwai hatimi a jiki. Abin da ke ba ni takaici ba kuɗin aikin ba ne kawai. Bayan an karɓi kuɗin sai a ce wa mutum kada ya sake cin abincin Basinen, kada ya karɓi kyautarsa, ya janye odarsa. Mutum ya riga ya biya kafin alƙalami, kashi 30 cikin 100 na kuɗin kaya kamar yadda aka saba, sai ya soke oda saboda alawa, kuɗin su tafi, amanar shekaru ta tafi, malam kuma ya ce ai da ba a yi aikin ba da abin ya fi haka. Wasu har hoton mutumin suke sawa a Facebook su kira shi matsafi, mutumin da bai gama kukan uwarsa ba.

Kuma duk daga rijiya ɗaya ake ɗebo irin waɗannan maganganu. Ana cewa wai ba a taɓa ganin kabarin Basine a ƙasarmu ba, to ina suke kai gawarsu? A 2016 har wata jarida a Zambiya ta buga cewa ana zuba naman mutane a gwangwani daga Sin ana kawowa Afirka, sai da jakadan Sin a ƙasar ya fito ya ƙaryata, aka kuma gano wasu hotunan daga tallan wani wasan bidiyo ne da aka yi a Landan a 2012. Har yau ana tura su a WhatsApp. Amsar kuwa a fili take: Basine yana so a mayar da shi garin kakanninsa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20 gidan ajiye akwatunan gawa na Tung Wah a Hong Kong ya riƙa karɓar ƙasusuwan Sinawan da suka mutu a Amurka da sauran ƙasashe yana tura su ƙauyukansu. Yau kuwa ƙona gawar ake yi a aika da tokar. Ƙonawar ma a manyan birane ba zaɓin iyali ba ce: a 1956 Mao, shugaban Sin na lokacin, da manyan jam'iyyarsa suka sa hannu a takardar amincewa da ƙona gawa, dokar jana'iza ta 1997 kuma ta wajabta ta a wuraren da jama'a suka yi yawa kuma ƙasar noma ta yi kaɗan, ta bar ƙabilu Musulmi irin su Hui su binne nasu.

Takardun da ka ga ana ƙonawa ba su da ruwa da kai ko da wani mai rai. Aike ne ga mamaciyar. Sun yi imani cewa abin da aka ƙona yana isa gare ta a can, shi ya sa ake buga takardun kuɗi na lahira masu sifiri barkatai, a haɗa da gidan kwali da mota da waya. A 2016 kamfanin Gucci ya rubuta wa wasu shagunan Hong Kong gargaɗi kan jakunkunan takarda masu tambarinsa da ake sayarwa don matattu, mutane suka yi ca, ya dawo ya ba da haƙuri. Wannan ma ba koyarwar Buddha ba ce, tsohuwar al'adar gargajiya ce ta girmama kakanni, kuma manyan malaman Buddha irin su Sheng Yen na Taiwan sun sha hana mabiyansu.

Kwana 49 ɗin ne ke da tushe a addinin Buddha. A aƙidarsu mamaci yana tsakanin rayuwar da ta wuce da wadda za a sake haifarsa cikinta, kuma zaman bai wuce bakwai sau bakwai ba. Don haka kowane kwana bakwai iyali ke taruwa, a kira malamai su yi ta ambaton Amituofo, sunan wani Buddha da suke kira, a yi sadaka a ba da ladan ga mamaci, wasu su daina cin nama har kwanakin su cika. Bakwai na farko da na ƙarshe sun fi nauyi, kuma babban ɗa namiji ne ke ɗauke da hidimar. Kai da ka san yadda gida ke kasancewa kafin sadakar arba'in bai kamata ka yi mamakin ɗan da ya rage ɗaga waya ba. Wasu gidajen har kwana 100 ba sa zuwa biki ko ziyara, don kada su kai wa mutane inuwar makoki.

Kwantena kuwa, tun da ta bar tashar jiragen ruwa ta Nansha ko Huangpu a Guangzhou ta fita daga hannunsa. Ka kira ejan ɗinka ka tambayi takardar lodi da kuɗin fito, ka ji ko an ware ta ne don bincike. Kowace rana da ka ɓata a zauren malam kuɗin jinkiri na hawa a kanka a tashar.

Abin da ya fi cancanta ka kai wa malami, malamin fiƙihu na gaskiya, shi ne abin da ka yi a cikin zauren. A wurin ana rusunawa sau uku a gaban hoton mamaci, wani lokaci a miƙo maka turaren tsinke. Wannan ba naka ba ne, kuma ba wanda zai ji haushi idan ka tsaya a nitse ka ce kai Musulmi ne. Mutanen Guangzhou sun san Musulmi, masallacin Huaisheng yana tsakiyar garinsu ɗaruruwan shekaru. Amma tausaya wa wanda aka yi wa rasuwa ba kafirci ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe da aka wuce da gawar Bayahude, da aka gaya masa ya ce ashe ba rai ba ce? Mu ji tsoron Allah. Wanda ya yarda kwandala na iya tsare masa abin da Allah Ya rubuta masa, imaninsa ya fi shiga haɗari a kan wanda ya je gaisuwar mutuwa. Zargin mutum da sihiri ba hujja kuma zalunci ne, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Ka rubuta masa gajeren saƙo, ka ce jie ai shun bian, ita ce gaisuwar ta'aziyyarsu, ka ƙara da cewa maganar oda ta jira har ya gama. Idan akwai abin gaggawa ka nemi manajansa. A sabuwar shekararsu mai zuwa kada ka tura masa jan kati mai barka da arziki, gidan da aka yi rasuwa ba ya liƙa jan rubutu a ƙofa a shekarar. Wajen 4 ko 5 ga Afrilu kuma akwai Qingming, ranar share kaburbura, hutun gwamnati ce tun 2008, zai tafi wurin mahaifiyarsa, da wuya ka same shi a waya ranar ma.