Tambaya da Amsa: Hoton da Girmansa Ba Ninkin Biyu Ba Ne a OpenGL

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhajar zane da OpenGL, tsarin umarnin da manhaja ke ba katin zane na kwamfuta, kuma ina son in lulluɓa wa wata siffa hoto mai faɗin ɗigo 640 da tsawon 480. Na ci karo da ƙari (extension) guda biyu da aka yi wa OpenGL, ARB_texture_rectangle da ARB_texture_non_power_of_two. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya kamata in riƙa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Lokacin da kamfanin Silicon Graphics ya fitar da OpenGL a 1992, ƙa'idar farko ita ce faɗi da tsawon hoton lulluɓi su zama ninkin biyu, wato lambobin da ake samu idan aka yi ta ninka 2 bi da bi, kamar 128, 256, 512, har sama. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, hotonka sai an cusa shi cikin fili mai 1024 da 512, ɗigo 524,288 ke nan domin ajiye 307,200 kawai, sauran kuwa asarar ma'adanar katin zane ce.

Ƙari na farko, wanda ya samo asali daga NV_texture_rectangle na kamfanin NVIDIA, ya magance matsalar amma da sharuɗɗa masu tsauri. Yana da nau'insa daban, GL_TEXTURE_RECTANGLE, kuma ana nuna wuri a jikinsa da ƙidayar ɗigo, daga 0 zuwa 640, ba daga 0 zuwa 1 kamar yadda aka saba ba. Ba ya karɓar ƙananan kwafin nan da ake kira mipmap, waɗanda ke hana hoto ƙyalƙyali idan ya yi nisa, kuma ba ya maimaituwa a jikin bango kamar zanen tabarma.

Na biyun bai zo da sabon nau'i ba, cire dokar ninkin biyu kawai ya yi daga nau'o'in da aka saba, irin su GL_TEXTURE_2D, ya bar mipmap da maimaituwa yadda suke, shi ya sa aka shigar da shi cikin OpenGL 2.0 a 2004. Shi nake ba ka shawarar riƙewa, sai fa idan hoton bidiyo kake sarrafawa ɗigo-ɗigo, inda na farkon yake da sauƙin lissafi.

Ka kula sosai idan wayar hannu ko burauza ka nufa, domin a OpenGL ES 2.0 na wayoyi da WebGL 1 na burauza irin wannan hoto yana bukatar CLAMP_TO_EDGE, wato saitin da ke hana hoto maimaituwa, kuma ba tare da mipmap ba, in ba haka ba siffar za ta fito baƙa ƙirin. OpenGL ES 3.0 na 2012 da WebGL 2 sun ɗage wannan takunkumi.