An dakatar da ƙwayoyin Mama an koma yi mata allurar insulin: ciwon ya kai ƙarshe ke nan?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata ta daɗe da ciwon suga, tana shan metformin da glibenclamide. Makon jiya aka ba ta gado a asibiti saboda gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ga zazzaɓi. Tun ranar farko aka dakatar da ƙwayoyin, aka koma yi mata allurar insulin sau 4 a rana. 'Yan uwa sun tayar mini da hankali, wai duk wanda aka fara wa insulin nasa ya ƙare, ba ya rabuwa da ita, kuma ita ke kashe ƙoda. Kawuna ma cewa yake mu sa hannu mu ɗauke ta, akwai mai maganin da ke warkar da suga gaba ɗaya. Wallahi ko barci ba na iyawa. Me ya sa za a hana ta maganin da jikinta ya saba da shi?

AMSA: 'Yar uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Kafin komai, kada ku sa hannun nan. Ban ga fayil ɗinta ba, amma abin da kika kwatanta shi ne abin da ake yi wa galibin masu suga idan rashin lafiya mai tsanani ta kai su kwanciya, kuma ni ma haka zan rubuta.

Maganin da ya dace da mutum yana gida yana yawonsa ba lallai ya dace da shi yana kwance ba. Metformin ta ƙoda yake fita daga jiki. Mai zazzaɓi da ƙwayoyin cuta a jini, wanda ba ya shan ruwa sosai, ƙodarsa kan yi rauni cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan aka ci gaba da ba shi metformin a haka sai maganin ya taru, jinin ya yi tsami, kuma wannan yana kisa. Shi ya sa muke duban awon ƙoda da ake kira eGFR: idan ya sauko ƙasa da 45 a rage maganin, ƙasa da 30 a daina. Haka kuma idan za a ɗauki hoton jijiyoyin ƙafar da ruwan rinin da ake ɗurawa a jini, akan jingine metformin na ɗan lokaci.

Glibenclamide kuwa matsa wa pankiriyas, wato gaɓar da ke yin insulin a cikin mutum, yake ya fitar da ita, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma yana daɗewa a jiki. Dattijuwa mai zazzaɓi da ke tsakurar loma biyu ta ture kwano, ko wadda aka ce kada ta ci komai za a shiga da ita tiyata a kankare gyambo, idan ta sha shi suga na iya faɗuwa da tsakar dare. A ɗaga shi, bayan awa kaɗan ya sake faɗuwa. Har sababbin ƙwayoyi irin su empagliflozin da dapagliflozin akan dakatar da su kwana 3 kafin tiyata.

Ga kuma ciwon kansa yana tura suga sama. To mene ne za a iya ƙarawa yau, a rage gobe, a tsallake idan ba ta ci ba? Insulin kaɗai. Sau 4 ɗin da kike gani, ɗaya mai dogon aiki ce da ke riƙe ta dare da rana, ukun kuma na abinci ne. A gado ba ma neman suga ya sauko ƙasa sosai, tsakanin 7.8 da 10 mmol/L, wato 140 zuwa 180 mg/dL, ya wadatar.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wadda kusan kullum sai na ji ta a bakin gado: wai insulin allurar ƙarshe ce. Daga ina maganar ta samo asali? Mutum ne likita zai ce masa ƙwayoyi sun daina riƙe shi, ya fara allura. Sai ya ƙi. Ya canza asibiti, ya bi masu tallar jiƙe-jiƙe a WhatsApp, ya yi shekaru suga na cin ƙodarsa da idonsa da jijiyoyinsa a ɓoye. Ranar da aka kawo shi ranga-ranga, ƙafa ta ruɓe, ƙoda ta tsaya, sai a fara insulin don babu wata dabara. Idan ya cika, dangi su koma gida suna cewa ai tunda aka fara allurar nan. An bar jaki ana dukan taiki. Sugan da aka bari a sama shi ya lalata ƙodar, allurar kuwa ta zo ne a makare.

Insulin ba baƙuwa ba ce a jikin Mama. Tun tana cikin mahaifiyarta jikinta ke yin ta, kuma ke ma da kike karanta wannan tana yawo a jininki. Kafin a gano ta a Toronto a 1921, yaron da ya kamu da nau'in farko na suga, wanda jiki ke daina yin insulin, ba ya daɗewa a duniya. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, kuma ya rayu shekaru bayan haka. Ita ake ba mai juna biyu. Ita ake komawa a kai idan ƙoda ta yi raunin da ba za ta ɗauki ƙwayoyi ba. Yaya za a ce abin da ake zaɓa don a tausaya wa ƙoda shi ke kashe ta?

Batun sabo kuma, insulin ba ta sa jaraba. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa ita a gado suna komawa ƙwayoyinsu da zarar ciwon ya lafa, ƙoda ta farfaɗo. Wasu kuma suna ci gaba da ita, ba don allurar ta kama su ba, sai don nau'i na biyu na suga ciwo ne mai tafiya: pankiriyas na ƙara gajiya da shekaru, ko da mutum ya kiyaye. Wanda ya ci gaba da allura dama yana bukatarta tun kafin ya zo.

Shi kuwa mai maganin Kawu, ki tambaye shi da ladabi: wane awo ya yi wa Mama? Ya san ƙarfin ƙodarta? Idan ta sume da dare, shi za a kira? Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha kama irin waɗannan haɗe-haɗen da aka daka glibenclamide a ciki aka ce ganye ne zalla. Suga ya sauka, a ce an ga aiki, alhali ba wanda ya san adadin da aka sha. Kuma gyambon da ya kai ga zazzaɓi, kwanaki kaɗan na jinkiri su ne tsakanin a kankare shi da a yanke ƙafar.

Ba na ce insulin ba ta da haɗari ba. Haɗarinta faɗuwar suga ne, ƙasa da 3.9 mmol/L, wato 70 mg/dL. Tunda ke ce a gefen gadon, ki sa ido: gumi mai sanyi, rawar hannu, maganar da ba ta da kai, ko barcin da ba na lokacinsa ba. Ki kira nas nan take a auna. Idan aka zo da allurar abinci alhali Mama ba ta ci ba, ko ta yi amai, ki faɗa kafin a soka. Wannan ba katsalandan ba ne.

Inda mu ma'aikata muke yawan sakaci shi ne ranar sallama. A miƙa wa dangi takarda da rubutun da ba ya karantuwa, a ce su je kantin magani, shi ke nan. Kada ki yarda. A gaya miki sakamakon HbA1c, awon da ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3, da na ƙoda. A rubuta miki ƙarara wanne magani aka daina, wanne za a koma, kuma yaushe, don kada Mama ta isa gida ta haɗa allura da ragowar tsofaffin ƙwayoyinta. Ki tambaya ko za a musanya glibenclamide da wani mai sauƙin haɗari irin gliclazide, duba da shekarunta. Idan da insulin za ku tafi, ki yi allurar da hannunki a gaban nas kafin ku fita, kuma ki duba lambar ƙarfin insulin da ke jikin kwalba da ta sirinji: U-100 da sirinjin U-100, U-40 da na U-40. Idan aka zuƙi U-100 da sirinjin U-40, an ba ta ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta.