In koma Windows 11 a kwamfutar da nake kasuwancin kuɗi da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina saye da sayar da kuɗaɗen waje ta intanet da manhajar MetaTrader 5, a kwamfuta mai Windows 10 da allo biyu. Kullum sai ta turo min saƙon in koma Windows 11, ni kuma tsoro nake ji kada in taɓa komai ya dagule. In sauya ko in bar ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sauyawa kam za ka yi, amma ba a ranar da kasuwa ke ci ba. Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma ƙarin wa'adin gyaran tsaro da ake kira ESU na masu amfani a gida iyakarsa 13 ga Oktoba, 2026. Duk kafar da ɓarayin intanet suka gano bayan haka, a buɗe za ta zauna, ga shi kuwa a wannan kwamfutar kake shigar da kalmar sirrin dillalinka da ta bankinka.

Fara gwada kwamfutar da PC Health Check, manhajar Microsoft da ke nuna ko za ta iya ɗaukar Windows 11. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 (ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar), da Secure Boot (tsaron lokacin kunnawa), da filin ajiya gigabait 64, da furosesa Intel zango na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Kwamfutocin hannu masu Core i5 zango na 6 ko na 7 a nan suke faɗuwa. Idan kuma TPM kaɗai ta ce babu, sau da yawa a kashe yake cikin BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta. Nemi PTT a Intel ko fTPM a AMD ka kunna. Akwai masu gyara da ke cusa Windows 11 da dabara a kan tsohuwar na'ura. Kada ka yarda, domin Microsoft ba ta yi alƙawarin sabunta irin wannan ba. RAM gigabait 4 da Microsoft ta rubuta a sharuɗɗanta kuwa na tashin kwamfutar ne kawai. Ga allo biyu da jadawalin farashi da yawa, 8 ne ƙaranci, 16 ya fi.

Abin da ya fi cutar da 'yan kasuwa shi ne lokaci. Iyakar asara da ka sa wa ciniki tana zaune a sabar dillali, ko kwamfutarka ta mutu za ta yi aiki. Amma iyakar da ke bin farashi, da EA mai yi maka ciniki da kansa, a cikin kwamfutarka suke gudana. Da zarar ta shiga sake kunna kanta, sun tsaya cak, cinikinka kuwa na buɗe. Saboda haka bari sai Asabar da safe, bayan kasuwa ta rufe daren Juma'a, ka samu har daren Lahadi kana gwaji.

Kafin ka fara, buɗe MetaTrader, danna File, sannan Open Data Folder, ka kwafe duk abin da ke ciki zuwa filashi, musamman MQL5, inda ma'aunanka da EA suke. Rubuta lambar asusu da sunan sabar dillali a takarda. Sa MetaTrader a wayarka ma, ka tabbata tana shiga asusun. Kuma kada ka fara sai da inbata ko UPS mai cikakken caji. Ɗauke wuta ana tsakiyar aiki na iya hana kwamfutar tashi.

Bayan an gama, allo na biyu ne ke yawan ƙin kamawa, musamman in ta USB aka jona shi, sai ka sauko da sabon direbansa daga shafin kamfanin. Gwada EA a asusun gwaji tukuna. Shiga Windows Update ka saita sa'o'in aikinka don kada ta sake kunna kanta kana ciniki. Idan ka ga BitLocker, wato makullin da ke rufe bayanan kwamfutar, a kunne, adana mabuɗin farfaɗowarsa mai lamba 48 a wajen kwamfutar.

Kwana 10 kake da su na komawa Windows 10 ta Settings, System, Recovery. Kada ka goge jakar Windows.old, inda tsohuwar Windows ɗinka take ajiye, kafin su cika.