Tambaya da Amsa: Ƙwai Goma Sha Ɗaya, Babu Ɗa Ko Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe. Wata biyar da suka wuce maigidana ya sayo wa yara ƙananan tsuntsayen nan masu kama da aku waɗanda ake kira baji, guda biyu, kore da shuɗi, mai sayarwa kuma ya tabbatar masa cewa mace da namiji ne. Mun sa kafinta ya yi musu akwati, suka zuba ƙwai goma sha ɗaya cikin kwana goma sha biyu, suka yi ta kwanci su biyun har kusan wata guda, amma ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Ina kuskuren yake?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Amsar tana cikin lissafin da kika kawo da kanki. Macen baji ba ta saka ƙwai kullum, tana tsallake kwana ɗaya ne tsakanin ƙwai da ƙwai, kuma yawanci takan tsaya a kan huɗu zuwa shida, da wuya ta wuce takwas. Cikin kwana goma sha biyu mace ɗaya ba za ta ba ki fiye da shida ko bakwai ba. Tunda kin ƙirga goma sha ɗaya, kuma kin ce su biyun suke kwanci, ina kyautata zaton mata biyu ne a kejinki. Mata biyu sukan shaƙu, su riƙa gyara wa juna gashi, har ɗaya ta yi wa ɗaya ɗura, wanda ya gan su sai ya rantse ma'aurata ne, alhali duk ƙwan da suka saka ba shi da ɗa.

Launin gashi ba ya nuna jinsi, duk da cewa na sha jin ana cewa shuɗi shi ne namiji. Abin dubawa shi ne fatar nan da ke saman baki, inda ƙofofin hanci suke. A jikin namijin da ya balaga fatar shuɗiya ce sosai, sumul, tana ɗan sheƙi. Ta mace kuwa fari-fari ce ko ruwan toka mai haske, idan kuma ta shiga lokacin saka sai ta koma ruwan ƙasa ta yi kaushi kamar ɓawon gyaɗa. Inda ake ruɗewa shi ne a kan ƙanana: ƙaramar mace tana da fata mai shuɗi-shuɗi da farin zobe kewaye da ƙofar hanci, ƙaramin namiji kuma tasa ruwan hoda ce. Ke nan mai saye da gaggawa yakan ɗauki macen a namiji, ya ɗauki namijin a mace. Akwai kuma farare fat da rawaya masu jan ido, waɗanda mazansu ba sa yin shuɗin fata har su tsufa. Ki fito da kejin tsakar gida da hantsi ki duba da kyau, domin hasken fitila yana ɓoye launin.

Idan kin tabbatar mata ne, abu na farko shi ne ki cire akwatin yau ɗin nan, ki zubar da ƙwan, tunda ƙwan baji kwana 18 yake yi ya ƙyanƙyashe, wanda ya kai wata guda ya zama baragurbi. Ganin akwati ko wani lungu mai duhu shi yake motsa mace ta saka, kuma kowane ƙwai daga jikinta take ciro sinadarin da ake yin ɓawonsa. Ki bar su su huta aƙalla wata biyu kafin ki kawo namiji.

Wajen zaɓen namijin, kada ki saye shi daga kejin da aka sayo matan, saboda akwai yiwuwar 'yan uwan juna ne, haɗa jini ɗaya kuma yana fito da 'ya'ya raunana. Ki nemi wanda ya kai wata goma zuwa shekara, mai kuzari da yawan surutu, wanda goshinsa ya washe daga baƙaƙen layukan ƙuruciya. Macen ma ta kai wannan wa'adin. Tana iya saka tun tana wata shida, amma irin waɗannan ƙanana su ne ƙwai yake maƙale wa. Ki ajiye baƙon a kejinsa daban na tsawon wata guda ko da ya zo da wata cuta, sannan ki matso da kejin kusa da nasu su riƙa ganin juna. Baji yana da zaɓi. Wadda kika ga tana matsowa jikin waya, shi kuma yana kaɗa kai yana ƙwanƙwasa bakinsa a nata, ita za ki haɗa shi da ita. Ranar da kika ga ya yi mata ɗura ta karɓa, to sun daidaita, sai a lokacin ne akwati zai dawo.

Abinci shi ne inda na fi ganin sakaci a gidajenmu. Asalin tsuntsun nan daga busassun filayen Ostareliya yake, daga can masanin tsuntsaye John Gould ya kai shi Ingila a 1840, kuma a daji ba ya hayayyafa sai ruwa ya sauka ciyawa ta yi tsaba. Jikinsa har yau wadatar abinci yake jira. Gero zalla yana riƙe rai, amma ba ya isar mace mai saka. Ki haɗa musu da acca, da ɗan ganyen alayyafo ko zogale da aka wanke, da karas da aka goga, da dafaffen ƙwai da aka marmasa sau biyu ko uku a mako, a kwashe ragowar bayan awa biyu saboda zafinmu yana saurin lalata shi. Ɓawon ƙwan ma ki tafasa ki busar ki daka musu. Fiya (wato avocado) da albasa da cakulan guba ne a gare su, ki gargaɗi yara.

Bayan ta fara kwanci da kamar mako guda, ki haska ƙwan da tocilar waya a cikin duhu. Mai ɗa za ki ga jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo, marar ɗa kuwa haske zai ratsa shi tas. Ni dai ba na ba da shawarar a haɗa su a tsakiyar zafin Maris da Afrilu, lokacin da akwatin katako a ƙarƙashin kwano yake zama tanda. Farkon damina ko bayan kaka ya fi. Sannan ki nisanta kejin daga turaren wuta da maganin sauro. Na taɓa rasa mace tana kan ƙwai biyar a dare ɗaya, don kawai an fesa fiya-fiya a ɗakin da ke maƙwabtaka da baranda, da safe na same ta a ƙasan keji namijin yana ta kiranta. Idan kuma wata rana kika ga mace ta sauko ƙasa ta bubbuɗe gashi tana yunƙuri, jelarta tana sama da ƙasa, alamar ƙwai ya maƙale ne. Kada ki matsa mata ciki, ki sa ta wuri mai ɗumi ki garzaya da ita wurin likitan dabbobi.

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne a Azare. Ina da maza huɗu da mata huɗu a babban keji ɗaya, da akwati uku. Sau biyu ina samun 'ya'ya a ƙasa da rauni a kai, kuma wanda ya tsira ƙafafunsa sun baje gefe, ba ya iya tsayuwa.

AMSA: Malam, macen da ba ta da akwati ita ce take yi maka ɓarnar. Matan baji sun fi mazan faɗa nesa ba kusa ba, kuma wadda take son saka takan kutsa gurbin wata ta fasa ƙwai ko ta sari 'ya'ya. Ko dai ka ware kowane mace da namiji a kejinsu, wanda shi na fi so domin ta haka kake sanin uban kowane ɗa, ko kuma ka rataye akwatuna shida zuwa takwas, dukansu a tsayi ɗaya, saboda kowace tana son na sama.

Bajewar ƙafa kuwa yawanci daga santsin ƙasan akwati ne, ƙarancin sinadarin ƙashi a abincin uwa kuma yana ƙara ta. Ka ce wa kafinta ya fafe tsakiyar katakon ƙasa ya yi ɗan kwarmi kamar cikin ludayi, ƙofar shiga ta kai faɗin santimita 5, a zuba ɗan ɓawon katako marar magani. Idan an lura da matsalar ɗan yana cikin kwanakinsa na farko, ana iya haɗa ƙafafun da lallausan zare ko ɗan soso mai huda biyu na kamar mako ɗaya zuwa biyu, su miƙe. Wanda ya riga ya yi gashi da wuya ya gyaru, sai dai a yi masa keji mai shimfiɗa da kwanon abinci a ƙasa. Lafiyayyun 'ya'ya sukan fito daga akwati suna da kwana 30 zuwa 35, uban ya ci gaba da yi musu ɗura har su kai kamar mako shida. Da ka ga suna fasa gero da kansu ka raba su da iyayen, domin uwar takan koma saka ta fara korarsu da sara. Bayan zubi biyu a jere ka sauke akwatin, macen ta yi wata uku ko huɗu ba ta gan shi ba.