Sanƙarau ya tafi da jin ɗana: shin dashen na'ura zai dawo da shi?

Tambaya: Ɗana mai shekara 3 ya yi sanƙarau a bazarar bana, ya warke amma ya daina ji, kuma na'urar ƙara sauti ba ta yi masa amfani ba. An ce akwai wadda ake dasawa cikin kunne. Mahaifinsa na shirin sayar da gona saboda ita. Mene ne amfaninta da illarta? Daga wata uwa a unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Na'urar da kika gwada ƙara sauti kawai take yi, alhali sanƙarau yakan lalata ƙananan gashin da ke cikin katantanwar kunne (wani sashe can cikin kunne mai siffar katantanwa), waɗanda su ne ke miƙa sauti ga jijiyar ji. Wadda ake dasawa tana tsallake wurin da ya lalace: ɓangaren waje, wanda ake maƙalawa bayan kunne, yana ɗaukar sauti ya mai da shi saƙon lantarki, sannan siririyar waya da likita ya zura cikin katantanwar ta kai saƙon ga jijiyar kai tsaye. Tun 1978 Farfesa Graeme Clark ya dasa irinta a Ostireliya.

Ɗanki ya yi sa'a ta fuska ɗaya, domin ya riga ya ji magana kafin ciwon, kuma irin waɗannan yara sukan fi saurin cin moriyarta. Sai dai lokaci ba ya jiranku. Bayan sanƙarau, ƙashi yakan fara toshe katantanwar cikin makonni ko watanni, idan kuwa ta toshe, zura wayar yakan yi wuya matuƙa. Saboda haka ku nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya auna jinsa, a kuma ɗauki hoton cikin kunnen, tun kafin a yi cinikin gona.

Game da illa, tiyata ce da ake sa barci, tana iya taɓa jijiyar fuska ko ta kawar da ɗan ragowar jin da ya saura, kuma tana ƙara haɗarin sanƙarau, shi ya sa ake yin rigakafi tukuna. Sautin ma ba irin na da ba ne. Bayan an kunna na'urar, makonni kaɗan da tiyata, yaro zai daɗe yana zuwa saiti da horon magana. Abin da ya fi damuna shi ne ɗawainiyar bayan aikin, wadda iyaye ba su cika lissafawa ba: kuɗin dashen miliyoyin sefa ne, ga batir da caji kullum a garin da wuta ke ɗaukewa, ga ƙurar hunturu da gumin bazara masu lalata ɓangaren waje. Ranar da ya lalace babu kayan gyara a kusa, yaro ya koma shiru.

Kafin komai ya daidaita, ku fara koyon maganar hannu tare da shi, har da yayyensa, domin ba ta hana koyon maganar baki, kuma ko an dasa na'urar, a kan cire ɓangaren wajen lokacin barci.