Ga mai shirin zuwa Monreyal ta ƙasar Kanada daga Garwa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Biza da kuɗin makaranta kowa zai gaya maka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewar da ka yi wai sanyi ba zai dame ka ba tunda ka saba da hunturu. Sanyin da ke sa ku kewaye wuta a bakin Binuwai, a nan da gajeren wando ake fita cikinsa.

A Janairu ma'auni kan sauka har 20 ƙasa da sifiri, rana kuwa tana haske tar, ba ɗumi ko kaɗan. Kafin ka fita duba yanayin gari a waya. Lamba biyu za ka gani, wadda aka haɗa da ƙarfin iska ita ce taka. In ta kai 28 ƙasa da sifiri, kunne da hanci da yatsun da ba a rufe ba suna daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Mugun abin, raɗaɗin ɗaukewa yake yi, wurin ya yi tauri ya koɗe, kai kuma ka zaci sauƙi ne. Kada ka murza, kada ka kanga a wuta. Tsoma a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, ka kira 811, ma'aikatan jinya ne ke ɗauka. Wanda karkarwa ta sake shi, harshe ya yi nauyi, yana neman barci, wannan na kiran lambar gaggawa 911 ne, ba na shayi ba.

In ka yi alwala, bushe ƙafa da hannu sarai kafin safa. Riga hawa uku, ta jikin fata kada ta zama auduga, gumi take riƙewa.

Gawayi kuwa, don Allah bar shi a Garwa. Ɗakunan nan a toshe suke ruf. Kasko ɗaya na turare ko shayi ya isa ya cika ɗaki da iskar guba marar wari, a kwanta da ciwon kai a kasa tashi. In sanyi ya tsananta, akan buɗe wuraren shan ɗumi a gari.

In kana da sikila ko asma ko hawan jini, sanyi na tayar da su. Zo da takardar likitanka, kuma ka tabbata inshorar makaranta ta fara aiki ranar da ka sauka.