Makarantar ɗana ta sami D, in mayar da shi Maraɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Maraɗi ne, shekarata 9 a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Aikin dare nake yi a wani sito. Iyalina sun iso ni shekara 3 da suka wuce. Babban ɗana shekararsa 11, bana zai shiga aji 6 a midil, wato makarantar aji 6 zuwa 8, wadda adireshinmu ya faɗa. Na duba a intanet na ga gwamnati ta ba makarantar D. Maƙwabcina ya ce rufinta na yoyo, na'urar sanyi na yawan mutuwa, malamai da kuɗin aljihunsu suke sayen takarda. Yayana ya ce in turo yaron gida ya yi lakwal, wato boko, a hannunsa, ya haɗa da allo. Ba ni da ƙarfin komawa unguwar masu hali. Yaron girin kat gare shi, wato katin izinin zama na dindindin, bai zama ɗan ƙasa ba. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya raya yaro, ya yi masa albarka. Kada ka sayi tikiti tukuna. Bari mu fara tsaga wannan D ɗin mu ga abin da ke cikinsa, don shi ne ya hana ka barci.

A jiharku, harafin da ake liƙa wa makaranta lissafi ne mai kashi biyu. Kashi 80 cikin 100 yana fitowa ne daga yawan yaran da suka ci jarrabawar ƙarshen shekara, wadda ake kira EOG. Kashi 20 kacal aka ware wa ci gaba, wato tazarar da yaro ya yi tsakanin inda malami ya same shi da inda ya kai shi. Daga nan sai a yanka: 85 zuwa sama A, 70 zuwa 84 B, 55 zuwa 69 C, 40 zuwa 54 D, abin da ya yi ƙasa kuma F.

Ga misali na ƙirƙira don ka ga yadda sikelin ya karkata. Makaranta ce a unguwar likitoci da lauyoyi, yara 80 cikin 100 sun ci jarrabawa, amma makinta na ci gaba 60 ne, wato ba ta ƙara musu wani abin kirki ba. Lissafi ya ba ta 76, ta tashi da B. Wata kuma a unguwar masu aikin dare irinka, yaranta sun shigo suna baya da shekara biyu, wasu ma bara suka fara jin Turanci. Malamai suka yi ta fama har 40 cikin 100 suka ci, makin ci gaba ya kai 85. Lissafi ya ba ta 49, ta tashi da D. To wace ce ta yi koyarwa? Ta farko tuwo ta tarar a dafe, ta biyu ita ta yi surfe da niƙa. Mafi yawan abin da harafin ke gaya maka shi ne halin gidajen da yaran suka fito.

Saboda haka koma shafin nan na gwamnatin jiha inda ka ga D, ka nemi layin ci gaba. Ɗaya daga cikin kalmomi uku za ka tarar: "Exceeded" idan ta zarce abin da aka sa rai, "Met" idan ta cimma, "Not Met" idan ta gaza. Kada ka tsaya a shekara ɗaya, duba uku a jere. D mai ɗauke da "Exceeded" ko "Met" shekara bayan shekara, makaranta ce mai aiki a wurin da aiki ke da wuya, kuma ni ba zan ji tsoron sa ɗana a cikinta ba. D mai "Not Met" sau uku a jere kuwa, wannan ita ce wadda ya kamata ta tayar maka da hankali.

Maganar rashin kuɗi da maƙwabcinka ya yi, ba sabuwa ba ce a jihar. Tun 1994 iyaye da hukumomin ilimi na wasu gundumomi biyar marasa ƙarfi suka maka jihar a kotu, shari'ar da aka sani da Leandro. A 1997 kotun ƙolin jihar ta ce kowane yaro yana da haƙƙin samun ingantaccen ilimi na tushe, sannan aka shafe shekaru sama da 25 ana ja-in-ja kan wanda zai biya. Tsarin shi ne jiha ke ɗaukar mafi yawan albashin malamai, gunduma kuma ita ke da gini da ɗan ƙarin da ake ɗora wa malami a kan albashi. A gundumarku ta Guilford, masu zaɓe sun amince a ciwo bashin dala miliyan 300 a 2020, suka ƙara da biliyan 1.7 a 2022, duk don gyara da sake gina makarantu. Wannan kaɗai ya ishe ka sanin girman lalacewar. Ka tambayi ofishin makarantar ko tana cikin layin gyara, da kuma yaushe.

Amma ni da kai mun san yoyon rufi bai taɓa hana karatu ba. Nawa ne daga cikinmu suka yi firamare a rumfar zana, ana tashi da zarar hadari ya haɗo? Talaucin makaranta yana da ɓangaren da ido ke gani da wanda ba ya gani, kuma na biyun ne ke kashe yaro. Shi ne rashin malami tsayayye. Makarantar da ba ta da gata, malaman kirki ba sa daɗewa a cikinta. Da sun sami gurbi a inda aiki ya fi sauƙi ko gundumar da ƙarinta ya fi tsoka sai su tafi. Sai ka ga aji ya shekara a hannun 'yan riƙon ƙwarya, yau wannan gobe wancan, kowa ya raba takarda ya zauna yana jiran ƙararrawa. Yaron da ya yi aji 6 ba malamin lissafi, zai ji a jikinsa har ya gama sakandare.

Wannan ba a ganinsa a waya. Zuwa da kai ya fi aike. Ka sauko daga aiki, ka daure ka hana ido barci na safiya ɗaya, ka kira ofis ka nemi a zagaya da kai a ranar da ake karatu. Ka tafi da maiɗakinka, don ita ce za ta fi mu'amala da makarantar. Idan Turanci zai ba ku wahala, ku nemi tafinta tun kafin ranar. Dokar tarayya ta wajabta wa makarantar gwamnati ta yi magana da iyaye da harshen da suke fahimta, kuma ba ku za ku biya ba. In ba a sami mai Hausa ba, ka nemi mai Faransanci. Kada ku mai da yaron tafinta a maganar da ta shafe shi.

In ka sami ganin shugaban makarantar, yi masa tambayoyi kai tsaye, Amurkawa ba sa ɗaukar haka rashin kunya. Shekararka nawa a nan? Malamai nawa suka bari bara? Gurbi nawa ne babu malami a yanzu, kuma akwai na lissafi ko na Turanci a aji 6? Wanda ya san aikinsa zai ba ka adadi, ko da adadin ba daɗin ji. Wanda ya shiga kewaye-kewaye yana nuna maka hotunan bango, ka riga ka sami amsa. Idan shi ne shugaba na uku cikin shekara huɗu, wannan ma amsa ce.

Sannan ka roƙi a bar ka ka tsaya a baranda lokacin da ake canjin aji. A midil yara ne ke tashi su bi malamai ɗaki-ɗaki, kuma waɗannan 'yan mintoci su ne suke tona asirin makaranta. Hayaniya dole ce, 'yan shekara 12 ne. Abin dubawa shi ne ko malamai suna tsaye a bakin ƙofa, ko suna kiran yara da sunayensu, ko baranda ta yi tsit bayan ƙararrawa ko kuwa wasu na ta gantali ba mai ce musu kanzil. Leƙa aji biyu ko uku ta taga: rubutu ake yi, ko kowa ya kife kai a kan kwamfuta malami na gefe? Shiga bayin yara maza. Makarantar da ke da sabulu a bayi da ƙofa mai rufuwa, akwai mai kula da ita ko da fentinta ya koɗe.

Akwai kuma wata shaida da iyaye kaɗan suka sani. Duk bayan shekara biyu jihar tana yi wa malamai tambayoyi a asirce kan yanayin aikinsu, ana kuma wallafa sakamakon kowace makaranta a intanet. A ciki akwai tambayar ko makarantar wuri ne mai kyau na aiki da koyo. Malamai sun fi kowa sanin cikin gidansu. In mafi yawansu sun ce e a makaranta mai D, ka ba maganarsu nauyi fiye da ta maƙwabci.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Yaronka ba makaranta dukanta zai zauna ba, azuzuwan darasi shida ko bakwai kawai zai zauna. A cikin gini ɗaya akwai ajin lissafi na masu sauri da na gama-gari, kuma bambancinsu ya fi bambancin makaranta da makaranta. Wanda aka ɗora a layin sauri tun aji 6 shi ne zai yi darasin da ake kira Math 1 a aji 8, darasin babbar sakandare ke nan, kuma shi ke buɗe ƙofar manyan darussa daga baya. Tun 2018 dokar jihar ta ce yaron da ya sami mataki na 5 a jarrabawar lissafi, wato mafi girma, a sa shi a ajin gaba kai tsaye. Ɗauko takardar sakamakonsa ta aji 5 ka duba. In 5 ne, haƙƙinsa ne. In 4 ne, je ka roƙa, ka ce za ka tsaya masa a gida. Yaranmu da yawa suna da kan lissafi, amma saboda harshensu bai gama faɗawa ba sai a jefa su ajin baya, uban kuma bai sani ba don bai taɓa tambaya ba.

Haka batun ajin koyon Turanci. Shekara uku da zuwa, mai yiwuwa har yanzu yana cikin rajistar masu koyon harshe, ana yi masa jarrabawar auna Turanci da ake kira ACCESS kowace shekara. Taimako ne, ba abin kunya ba. Tambayarka ita ce: wane darasi yake rasawa a lokacin da aka fitar da shi don wannan, kuma saura maki nawa ya fita daga rajistar?

In ka auna duka ka ga makarantar ba ta yi ba, akwai hanyoyi kafin filin jirgi. Gundumar tana da makarantun zaɓi da ake nema da takarda, sai dai ana rufe karɓa watanni da dama kafin sabuwar shekara, don haka wataƙila sai aji 7. Akwai makarantun cata, wato masu gudanar da kansu da kuɗin gwamnati, kyauta ne, da ƙuri'a ake shiga, amma ba dole ba ne su ba da bas ko abinci, kuma su ma da layin ci gaba za ka auna su. Akwai tallafin Opportunity Scholarship na jiha mai rage kuɗin makarantar kuɗi. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ari adireshin aboki don yaro ya shiga makarantar wata unguwa. In aka gano za a iya fitar da yaro a tsakiyar shekara, kuma mai jiran takardar zama ɗan ƙasa ba ya sa hannu a kan ƙarya a takardar hukuma.

Shawarar Yaya kuwa, da kyakkyawar niyya ya ba ta, kuma damuwarsa ta tarbiyya gaskiya ce. Shekarun midil ne yaro ke zaɓen abokai da kansa. Amma ka lissafa. Yaron ya bar Faransanci shekara uku, zai koma kwalejin da da Faransanci ake komai har zuwa BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, ya sake zama baƙo karo na biyu. In ya dawo bayan shekara huɗu, ya zama baƙo karo na uku, a daidai lokacin da ake tara makin shiga jami'a. Ga kuma takarda: mai girin kat da ya wuce shekara ɗaya a waje, ana iya ɗauka ya yi watsi da zamansa. Akwai izinin dawowa da ake nema da fom I-131, wanda bai wuce shekara biyu ba, kuma sai mutum yana cikin Amurka ake shigar da shi. In kai ka zama ɗan ƙasa alhali yaron yana ƙasa da shekara 18, yana da girin kat, yana kuma zaune a hannunka a Amurka, shi ma ya zama ɗan ƙasa kai tsaye. In yana Maraɗi wannan sharaɗin bai cika ba. Kada a je gudun gara a faɗa gidan zago. Duk abin da za ka yanke a nan, ka zauna da lauyan shige da fice kafin yaro ya taka jirgi.

Karatun allo ana samunsa a masallatan garinku ranar Asabar da Lahadi, dogon hutu kuma ya isa a kai shi ya gaida kakanni in takardu sun ba da dama. Ka kuma sani dokar jihar ta ba ɗalibi aƙalla kwana biyu a shekara na uzurin addini, sai ka rubuta wa ofis kafin Sallah don kada a rubuta masa fashi.

Ka gaida Yaya, ka ce masa a ba ka zango ɗaya. In ka je ka dawo, rubuto mini abu uku: kalmar da ka gani a layin ci gaba na shekara uku, ko akwai malamin lissafi tsayayye a aji 6, da matakin da yaron ya samu a jarrabawar bara.